Motar Baba da Ke Faifai na Uku

Ni dai in faɗa muku tun farko, ban iya haƙuri da na'ura ba. Mutum zai ɓata mini rai in shanye, amma ranar da kwamfuta ta yi mini gardama, kowa a gidan sai ya ji a jikinsa. Sunana Khairunnisa. A Katsina nake aure, a can kuma nake sana'ar gyara wa masu gidajen gem kwamfutocinsu, waɗannan shagunan da samari ke cika suna buga ƙwallo a allo har su manta da cin abinci. Kukansu kullum ɗaya ne, faifan ajiya ya cika. Wasa guda sai ka same shi sau uku a faifai uku, ga tarkacen wanda aka goge rabi aka bar rabi. Da na gaji da bin su ɗaya bayan ɗaya, sai na zauna na rubuta wata 'yar manhajar shara. Tana zagaye faifan duka, ta jero wasannin da ake bugawa, da waɗanda aka daina, da tarkacen da ba shi da mai shi, ka danna sau ɗaya ta share. Shago goma sha ɗaya ke aiki da ita, babu wanda ya taɓa kawo mini ƙara. Ina ji da ita, ba zan ɓoye ba.

To ranar wata Laraba Goggo Adama, ƙanwar mahaifina da ke zaune da shi a Daura tun rasuwar innarmu, ta kira ni ta ce kwamfutar Baba kullum sai ta fito da wani jan rubutu. Ita ke kunna masa da safe, don ba ya iya sunkuyawa. Na ce ta ɗauki hoto ta turo. Ta turo mini rabin allo da rabin labule, amma na gane, wuri ne ya cika. Na kuma san aikin waye. Ƙanina Mahdi ne, da ya zo hutun Babbar Sallah ya loda wasannin ƙwallo da na harbe-harbe ya koma makaranta abinsa. Na ce mata ina nan tafe ranar Asabar, kada kowa ya taɓa komai.

Ba don kwamfutar nake wannan zafin ba, don abin da ke cikinta ne. Babana Kalilu shekara talatin da ɗaya yana jan babbar mota, yana lodin shanu daga kasuwar Mai'adua zuwa kudu. Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafar ta ɗan dawo, hannun ne ya ƙi, yatsun suka dunƙule. Likitan gashi ya ba shi ƙwallon roba ya ce ya riƙa matsawa, Baba ya wurga shi ƙarƙashin gado ya ce shi ba yaro ba ne. Ya daina fita, ya rage magana, abinci ma sai Goggo ta yi da gaske. Ni ce na haɗa masa kwamfuta da sitiyari da abin takawa na totur da birki, na sa masa wasan tuƙin babbar mota. Kwana uku yana hararar abin. A na huɗu ya zauna, kuma a hankali hannun ya fara buɗewa, don sitiyari ba ya juyuwa da hannu ɗaya.

A cikin wasan nan mutum yana farawa ne da jan motar wasu, yana kai kaya gari-gari, har ya kai ga tasa. Wata tara Baba ya yi kafin ya kai. Ya zaɓe ta koriya. A duniyar nan bai taɓa mallakar mota ba, duk shekarun nan ta mutane yake ja, wannan ce ta farko da aka ce tasa ce. Ita da duk tafiyar da ya yi suna cikin wani baƙin faifai na waje da na jona wa kwamfutar. In faifan nan ya tafi, motar ta tafi, kuma na san Baba ba zai sake farawa daga yaron wasu ba. Zai koma ɗaki ne ya zauna, hannun ya sake dunƙulewa.

Akwai kuma wani abu da sai kun sani. Ni ce 'yar fari, kuma Baba mutumin da ne, kunyar ɗan fari a wurinsa ba wasa ba ce. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Da ina ƙarama ni ce “yarinyar nan”, da na yi aure na zama “ta Katsina”. Ba ya aikena, ba ya roƙona komai, ko ruwa ne. In yana da magana da ni, Goggo yake gaya wa, ko da kuwa ina zaune a gabansa. Duk Juma'a in na kira, Goggo kan buɗe muryar wayar, shi kuma daga gefe ya riƙa ba ta labarin inda ya je a makon, da ƙarfi yadda zan ji. Garuruwan wasan na ƙasar Turawa ne, sunayensu ba sa faɗuwa a bakinsa, shi ya sa tun farko ya raɗa musu nasa. Wannan Kazaure, wancan Tegina, mai gadar nan Jebba. Haka nake sanin yana lafiya.

Na iso Asabar da la'asar. Kaka ta yi, tun daga hanya ake ganin dammunan gero a jingine, gidanmu ma Goggo ta baza wake a tsakar gida ba wurin taka ƙafa. Na durƙusa na gaida Baba, ya amsa yana kallon bango kamar kullum, ya tambayi Goggo ko ta Katsina ta ci abinci. Da Goggo ta ce ai gyaran kwamfuta ya kawo ni, sai ya ce babu abin da ya sami kwamfuta, lafiyarta lau, an dai wahalar da mutane a kan hanya a banza. Ya faɗa sau biyu. Na ɗauka halinsa ne na ƙin ɗora wa kowa nauyi, ban kawo komai ba.

Lahadi da safe bayan an sha koko ya shiga ɗakin ya turo ƙofa, kamar yadda Goggo ta ce yana yi kullum. Ina tsakar gida ina taya ta tsintar wake, ina jin ƙarar sitiyarin yana juyawa, ina jin ƙas-ƙas ɗin abin takawa. Kukan inji ne ban ji ba, Goggo ta ce ya daɗe da rage muryar, wai don kada ya dame ta. Awa guda cur ya yi. Ya fito ya ɗauki sandarsa ya tafi majalisarsu ta ƙofar masallaci, ni kuma na shiga. Ina da zuwa ƙarfe uku, don ina son in kama motar Katsina da sauran rana, Litinin akwai aiki.

Faifai uku ne a kwamfutar, kowanne da harafin da take kiransa da shi. C na cikinta, ƙarami, shi ne ya cika. D wani tsoho ne da na bar wa Mahdi. E shi ne baƙin nan na Baba. Na sa manhajata, na danna, na jingina ina jiran ta gama a yabe ni.

Abin da ta fito da shi ya sa na miƙe zaune. Ta ce wasan tuƙi yana rubuce a rajista cewa yana E, amma ta duba E babu shi. Rabon da a buɗe shi, tara ga watan Yuni. A E ɗin kuma ba ta ga komai ba sai wasu ƙananan fayiloli ɗari uku da wani abu da ba ta san ko na mene ne ba. Sannan ga wani faifai na huɗu, F, wanda ni ban san da zamansa ba, ɗauke da tarkace mai yawa da babu wasan da ya ce nasa ne.

Nan take raina ya ɓaci. Tara ga Yuni, kwana biyu bayan Sallah ke nan. Na kira Mahdi ban ko amsa gaisuwarsa ba, na wanke shi tas. Na ce in har shi ya goge wa Baba mota don ya sami wurin ƙwallonsa, to ya nemi wata yayar. Ya rantse da Allah bai taɓa E ba, ya ce shi ko sitiyarin ba ya kusanta, ya ce Yaya ki tambayi Goggo mana in Baba ba ya bugawa. Na kashe wayar. Gaskiyarsa ce kuwa. Yanzun nan na ji mutum da kunnena yana tuƙi, kuma duk Juma'a ina jin labarin tafiya. Ashe dai manhajata ce ta yi ƙarya. Wallahi sai na ji kamar 'yata ce ta yi abin kunya a gidan mutane.

Daga nan na shiga bin ta da bincike. Na duba agogon kwamfutar ko ya koma baya, don in ƙaramin batirin ciki ya mutu kwanan wata kan rikice. Agogo daidai. Na kashe na kunna, na sake sa ta zagaya, ta maimaita mini maganarta ba ko kunya. Na buɗe tawa kwamfutar ta hannu na bi rubutun manhajar layi-layi, wurin da take karanta rajista, wurin da take lissafin rana. Ban ga kuskure ba, kuma rashin ganin ya fi ba ni haushi. Goggo ta leƙo ta ce in fito in ci ɗanwake tun da zafinsa, na ce ba na ci. Ta ce ikon Allah, yarinya tana faɗa da akwati, ta saki labule.

Abin da ya kamata in fara yi, in danna wasan da kansa in ga ko zai buɗe, shi ne ban yi ba. Ko a raina bai zo ba. Wa zai gwada abin da ya ji yana aiki da safe? Ga shi kuma kujerar nan ta direba ce, ko Mahdi da rashin ta-idonsa ba ya hawa, ni ma a kan tabarma na zauna na jawo allon rubutu.

Wajen sha biyu na gaji. Na ce wa kaina wataƙila cikar da C ya yi ce ke rikita komai, bari in share tarkacen tukuna in ga abin da zai biyo baya. F ɗin nan kuma na yanke cewa wani filashi ne Mahdi ya manta a baya. Manhajata, da wayona na lokacin da na rubuta ta, ita ke sa wa duk tarkace alama da kanta don kada masu shago su wahala. Ga su nan a jere duk da alamarsu, na C, na D, ɗari ukun nan na E, da tulin da ke F. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na kai kibiyar kan “Na tabbata, share”, yatsana yana kai.

Sai ga Goggo ta shigo tana mita, wai tunda ba za a ci abincinta ba bari ta ɗauki rediyonta ta ji karatu. Ta miƙa hannu kan taga, bayan labule, ta fizge wata waya. Kwamfutar ta yi ƙara ɗin nan da take yi in an cire abu. A kan allo, E ya ɓace. Manhajar ta tsaya ta ce faifai ya fita, ba za ta ci gaba ba.

Na juyo zan yi masifa, sai na ga tana riƙe da wani abu. Na kalli hannun Goggo. 'Yar rediyon nan ce mai katin memori, wadda ta cika da karatun Alƙur'ani da wa'azi. Na ɗaga ƙyallen da ta lulluɓe akwatin kwamfutar da shi, na leƙa baya. Ga baƙin faifan Baba nan a jone, fitilarsa tana ƙiftawa. Babu wani filashi. Na buɗe F da hannuna, na shiga cikin abin da manhajata ta kira tarkace. Wasan ne gaba ɗayansa, da motar, da komai. Na janye hannuna daga kwamfutar.

Na tambayi Goggo tun yaushe take cajin rediyo a nan. Ta ce tun farkon damina. Ranar da aka yi ruwan nan mai tsawa bayan Sallah, ta bi duk wayoyin ɗakin ta cire don tsoron aradu, har baƙin abin nan ta naɗe a zani ta sa a kwaba. Washegari da za ta mayar, ta ga ashe ramin ya yi daidai da wayar rediyonta, ta fara soka ta, sannan ta mayar da sauran. Tun ranar nan ne wurin cajinta, ya fi na solar sauri. Ta ce ko ta yi laifi ne?

Ni kuwa na riga na gane. Rediyon ta riga shiga, kwamfuta ta ga katin da ke cikinta ta ba ta E. Da faifan Baba ya zo ya tarar an zauna masa a wuri, sai aka ba shi F, ya zauna a haka. Wasan kuma E ya sani. Na kai kibiya kan hoton motar da Baba ke dannawa kullum, na danna. Wani ɗan akwatin rubutu ya fito da Turanci, wai ba a sami abin da ake nema ba. Shi ke nan abin da ke fitowa. Manhajata ba ta yi ƙarya ba, rabon da wasan nan ya buɗe tun tara ga Yuni.

Wata huɗu. Na kalli kujerar, na kalli sitiyarin da robarsa ta soma sulɓi a gefen hagu. Wata huɗu mutumin nan yana turo ƙofa, ya zauna gaban wannan ɗan akwatin rubutun da ba ya iya karantawa, ya kama sitiyari ya yi awa guda yana juyawa. Kazaure da Tegina da Jebba da nake ji duk Juma'a, ashe na gaske ne, daga kansa yake tuƙa su. Ni kuma ina Katsina ina dariya ina cewa Baba ya zama ɗan gari.

Na gaya wa Goggo. Ta zauna a bakin gado da rediyon a cinya. Can ta ce ta tuna, washegarin ruwan nan ya fito daga ɗakin da wuri, bai ci tuwon rana ba, ta tambaye shi ya ce kansa ke ciwo. Ta fara share ido da bakin mayafi tana cewa ita ta jawo. Ni kuwa haushi ne ya cika ni, na rasa wanda zan ji wa. Na ji haushin Baba da wannan kunya tasa da ta hana shi cewa ga abu ya lalace, magana guda, da a waya ma zan gyara. Na ji haushin kaina da saura ƙiris in share masa mota da hannuna. Kuma tausayinsa ya kama ni. Na yi kuka, ba zan ce ban yi ba.

Gyaran kansa bai kai minti biyar ba, abin takaici. Na mayar wa baƙin faifan harafinsa na E. Na karɓi rediyon na jona, na ba ta Z, can ƙarshen layi inda ba za ta sake tare wa kowa wuri ba. Na share tarkacen Mahdi da ke C, ɗaya bayan ɗaya, ina karanta kowanne sau biyu. Manhajata kuma a take na cire mata wannan rawar kai ta sa wa abu alama da kanta, na rubuta a takarda cewa in na koma zan koya mata gane faifai da lambarsa ta jiki, ba da harafi ba. Sannan na yi bisimilla na danna hoton motar.

Allon ya yi baƙi, ya daɗe, har na fara salati. Sai kiɗan farko ya taso. Ga ta nan, koriya, a tsaye a gefen wani titi mai itatuwa, an kunna fitilar gefe, tirela a bayanta. Na kwafe komai na zuba a tawa kwamfutar kafin in sake numfashi mai kyau.

Goggo ta ce kada in nuna masa na sani, in bar shi da mutuncinsa. Na yarda. Muka shirya cewa zan ce shara kawai na yi. Na tayar da injin, na ƙara murya, na bar shi yana kuka a hankali, na fito na ci ɗanwaken da ya riga ya sandare.

Bayan azahar muka ji sandarsa a zaure. Ya shigo tsakar gida, ya yi taku uku, ya tsaya. Kukan injin yana fitowa ta taga. Ya daɗe a tsaye a cikin rana, sannan ya wuce mu ya ɗaga labulen ɗakin, bai shiga ba. Muka biyo shi muka tsaya a baya. Shirin da muka yi da Goggo bai yi amfani ba, don shi ya fara magana, da bayansa gare mu.

“Adama, ki gaya mata ni na ɓata. Hannun nan ne ya zame mini ya danna wani wuri. Abu ne da ta haɗa da guminta, ban san da bakin da zan faɗa ba.”

Goggo ta ce a'a Yaya, wallahi ba kai ba ne, ta kwashe labarin tsawa da rediyo ta gaya masa tana haɗawa da neman gafara. Ya saurara har ta gama. Na zaci zai yi faɗa, ko ya yi dariya. Bai yi ko ɗaya ba, idonsa na kan motar. Ya ce a tambaye ni kayan fa. Goggo ta ce wane kaya? Ya ce lodin da ke bayanta, tuffa ce, kayan gwari, ya ɗauko zai kai ya tsaya a nan don an kira sallah, da niyyar gobe ya ƙarasa. Ya ce shekara talatin da ɗaya bai taɓa barin kayan mutane a hanya ba, ko ranar da aksil ya karye masa a dajin Mokwa sai da ya kwana uku a gindin motar. Wannan kuwa wata huɗu. Ya san sun ruɓe, so yake kawai ya ji ko masu kayan sun karɓe motar.

Ashe abin da ke cinsa ke nan. Ban jira Goggo ta juyo da maganar ba, na amsa da kaina.

“Baba, a can lokaci bai motsa ba. Tun da ka kashe ta, ranar ce har yanzu, ƙarfe huɗu da minti goma. Kayan lafiyarsu lau, ba ka makara ba.”

Bai juyo ba. Na ga dai kafaɗarsa ta sauka. Ya jingine sandar a bango, ya ja kujera ya zauna, ya ɗauki hannun hagun da na dama ya ɗora a kan sitiyari, ya gyara yatsun ɗaya bayan ɗaya. Goggo ta kasa tsayawa, ta ja mayafi ta ce bari ta kai wa maƙwabta kwanonsu, ta fice. Muna jin ƙarar ƙofar zaure da ta ja.

Tashin farko bai yi kyau ba. In wasan yana aiki sitiyarin yana da nauyi, yana ja da hannun mutum, shi kuma wata huɗu ya saba da juya shi sakwaf. Motar ta yi hagu, ta gogi ƙarfen gefen titi, ƙara ta cika ɗakin.  Ya taka birki, ya ja numfashi, ya sake ɗaukarta a hankali kamar mai fita da amarya. Hannun yana rawa amma yana riƙe. Da ya hau titi sosai ya sa giya ta gaba, na ji yana wani ɗan gunaguni a maƙogwaro, irin wanda nake ji in ya dawo daga tafiya muna yara.

Na duba waya, uku saura kwata. In ban fita yanzu ba sai dai motar yamma, wadda ba na so, ko kuma gobe da sassafe in makara aiki. Na tattara wayoyina na zuba a jaka, na rataya, na durƙusa daga bakin ƙofa na ce Baba zan koma, Allah ya ƙara sauƙi. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutanen gidan, idonsa na kan titi. Na miƙe na ɗaga labule.

“Adama,” in ji shi.

Na tsaya. Ya san Goggo ba ta gidan, a kunnensa ta ja ƙofa.

“Adama, ki ce wa ta Katsina saura kilomita ɗari biyu da goma a sauke kayan nan. Ko za ta zauna a ƙarasa da ita.”

Tunda aka haife ni, wannan ne abu na farko da ya taɓa roƙona. Na sauke jakar a bakin ƙofa, na jawo tabarma kusa da kujerarsa, ta gefen hagu, na zauna. Na ce ta ji, ta ce za ta zauna.